Turaren Iya da Ƙararrawar Gobara

Gidan hayar da mahaifinmu ya bari a Gumel ba wani babban gida ba ne. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, baranda a gabansu, darbejiya ɗaya a tsakar gida, da famfon da yakan kawo ruwa in ya ga dama. Da ya rasu, 'yan'uwana suka haɗu suka ce ni zan riƙa kula da gidan, wai ni ne na yi jami'a. Abin da na karanta bai shafi gini ko lantarki ba, ilimin ƙasa ne, aikina kuma koyarwa a Gagarawa, in bi motar haya da safe in dawo da yamma. Amma a gidanmu wanda ya yi digiri ana ɗauka ya san duk abin da ke da rubutu a jikinsa, daga kwalin magani har mitar wuta. Ban musa ba. Ni dama ban iya musu ba, sai dai in karɓi abu in koma gefe in yi ta damuwa da shi.

A ɗakin ƙarshe, na jikin katangar gabas, akwai tsohuwar da kowa ke kira Iya. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Aure ne ya kawo ta daga wajen Damagaram, mijin ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure can nesa, ita kuma ta ci gaba da zama a ɗakin nan tun ina rarrafe, ko ma kafin nan, ban tabbata ba. Sana'arta haɗa turaren wuta. Takan daka kajiji da hawi, ta soya farcen turare, ta jiƙa itacen sandal cikin madarar turare, ta zuba a kwalabe ta jera su ƙarƙashin gado. Mata kan zo mata daga cikin gari, wasu har daga Maigatari da Sule Tankarkar, musamman in ana shirin biki. Ba ta sayar wa mace turare sai ta shigar da ita ɗaki, ta tura ƙofa, ta ɗora kaɗan a kan garwashi, sun zauna sun ji yadda yake kama ɗaki da tufafi. Cewa take turare a fili ƙarya yake yi, mai kyau da marar kyau duk iska ce ke kwashe su.

Wasan kaka da jika ne tsakanina da ita. In na shigo sai ta leƙo ta ce, "Angona, yau ma hannu Rabbana? Wane irin miji ne wannan, ko goro babu?"

"Iya, da wane haƙorin za ki ci goron?"

"Ina da magogi. Kai dai kawo, ragon miji."

Da na fara duba gidan da idon wanda aka ɗora wa nauyi, wayoyin wutar ne suka fara tsaya mini a rai. Tun zamanin mahaifinmu, duk ɗan hayar da ya shigo yana buƙatar soket sai ya jawo waya daga ɗakin maƙwabcinsa. Haɗin ma ba na kirki ba, a murɗe bakin wayoyi biyu a naɗe su da leda. Wata wayar ta ratsa tsakar gida, mata na shanya a kanta. A jikin mita kuwa, inda fis ya kamata ya kasance, wani ya cusa guntun wayar tagulla mai kauri don ya huta da ƙonewar fis.

Ga kuma al'adarmu da kowa ya sani. In an ɗauke wuta ba ma kashe komai, sai mu bar makunni a kunne don mu san lokacin da aka kawo. Mace ta tsoma hita a bokiti, wuta ta tafi, ta gaji da jira, ta datse ɗakinta da kwaɗo ta tafi unguwa. Haka ta faru a wani gidan haya can bayan layinmu, da rana tsaka. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma da na je jaje na ga kwanon rufi a lanƙwashe a ƙasa, na ga wata mata zaune kan turmi tana juya murfin tukunyarta a hannu, shi kaɗai ya rage mata. Daga ranar, ko ina cikin aji ina zana taswira a allo, rabin hankalina yana Gumel.

Na shawo kan 'yan'uwana aka yarda a sake wayarin gidan gaba ɗaya. Mai wayarin da na samu mutumin Sule Tankarkar ne mazaunin Gumel, mai haƙuri, wanda ba ya ɗaga murya. Ya cire tsofaffin wayoyin, ya bi da sababbi cikin bututun roba, ya ba kowane ɗaki birekarsa, yadda in wani ya ɗora abin da ya fi ƙarfin layinsa, tasa kaɗai za ta faɗi. Ni kuwa ina biye da shi da tambayoyi. Wayar nan kaurinta ya isa? In telan da ke haya a gidan ya kunna dutsen guga, matarsa kuma ta jona hita fa? In ɓera ya shiga silin?

"Malam," ya ce da ni wata rana yana kan tsani, "wannan ta ɓeran jiya ma ka yi mini ita."

"Na sani. Na ce ko ka sake tunani."

"Ɓeran ne dai bai sake ba."

Da aka gama, gidan ya yi kyau, amma hankalina bai kwanta ba. Sabuwar waya ba za ta hana mutum manta hita a bokiti ba. Sai na shiga karance-karance a wayar hannu kan ƙararrawar gobara, irin wadda ake mannawa a silin. Na gano iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai jin hayaƙi, wadda ke ihu tun wuta na cin katifa a ɓoye, akwai kuma mai jin zafi, wadda ba ruwanta da hayaƙi sai ɗaki ya ɗau zafin da ya wuce misali. Ta farko ta fi saurin faɗakarwa, don haka ita na zaɓa. Na kuma zaɓi mai batir, ba wadda ake jonawa da wutar gida ba, don a ganina ba hikima ba ce a jingina tsaron gobara da wutar da ba ta da ranar zuwa. Na je Kano na sayo wa kowane ɗaki ɗaya. A hanyar dawowa kwalin na kan cinyata, na riƙe shi kamar ƙwai.

Ranar da aka manna su na tara mutanen gidan a baranda na danna maɓallin gwaji. Kajin matar tela suka watse. Telan, wanda ɗakinsa ke jikin na Iya, ya toshe kunne ya ce, "Wannan ai har mutanen Maigatari sun ji."

Iya ta ɗaga kai tana kallon ɗan farin faifan da ke silin ɗinta. "Me yake ci?"

"Batir, Iya."

"Ba kuran ba?" Haka take kiran wutar lantarki, irin ta mutanen Damagaram.

"A'a. Ko babu wuta yana aiki."

"To, ya fi ka amfani."

Daga nan na yi musu jawabi, kuma ina jin na tsawaita. Na ce kada kowa ya cire batir, kada a rufe shi da tsumma, kada ma a taɓa shi. Na maimaita. Ina tsammanin fuskata ta ɗaure fiye da yadda na nufa, don in ina tsoro haka fuskata ke yi, sai a ɗauka faɗa nake. Na tuna Iya ta ce, "An ji, an kuma karɓa," ba ta ƙara wasa a kai ba.

Ba na nan ƙararrawar ta fara ihu da kanta. Matar tela ce ta ba ni labari da na dawo daga Gagarawa, tana dariya har da riƙe ciki. Wasu mata sun zo sayen turaren amarya, Iya ta tura ƙofa ta ɗora a kasko, abin ya tsala ihu. Tela ya fito da bokiti, maƙwabta suka shigo suna salati, baƙin kuwa ɗaya ta fita ba takalmi, ɗaya ta bar mayafinta. Na yi dariya ni ma. A can cikin raina kuma, in faɗi gaskiya, daɗi na ji cewa abin yana aiki. Na leƙa na ce wa Iya ta riƙa buɗe taga in za ta kunna. Ta ce to.

An sake yi, an kuma sake. Daga nan sai shiru. Na ɗauka buɗe tagar ce ta yi magani.

Akwai abubuwan da na gani a tsakanin nan waɗanda ban haɗa su wuri ɗaya ba. Gidan ya daina ƙamshin da na taso na san shi da shi, ya koma warin sabulu da suyar albasa kamar kowane gidan haya. Wata rana da la'asar na tarar da Iya a tsugune bakin famfo da kaskonta, tana kare shi da faifai, wata mata ta sunkuya tana bin hayaƙin da hanci, iska na karkatar da shi. Matar ta miƙe ta ce za ta dawo. A raina har cewa na yi garwashi a fili ya fi aminci. Gaisuwarmu ma ta canza. In na shigo sai ta ce, "Malam, an dawo lafiya? Ya makaranta?" In tsokane ta da maganar goro, ta yi ɗan murmushi ta ce Allah ya yi albarka. Na zaci ƙafafunta ne suka matsa mata, har na sayo mata man shafawa.

Wata Laraba da yamma matar tela ta tare ni a zaure, wannan karon ba dariya.

"Malam, ashe gobe Iya za ta tashi?"

"Ta tashi zuwa ina?"

"Maigatari, wajen ɗan ƙanenta. Ta yi magana da mai motar da ke kai kaya ranar kasuwa." Ta dube ni. "Kai ba ka sani ba? Mu ai mun ɗauka da saninka."

A garinmu ba a cewa tsoho ya tashi daga ɗaki. Ba wanda zai iya buɗe baki ya faɗa wa sa'ar kakarsa haka. Abin da akan yi, in mai gida ya rasu gida ya koma hannun magada, sai a fara gyara. A yi fenti, a sake ƙofofi, a kawo dokoki sababbi. Tsohon ɗan haya mai hankali sai ya gane da kansa, ya tattara kayansa, a rabu ana gode wa juna, ba wanda ya ji kunya. Na san wannan sarai, na ga an yi wa wasu. Abin da bai taɓa zuwa mini ba shi ne cewa gyaran da nake ta yi, a idon mai kallo, da wancan kamarsu ɗaya.

Na yi sallama a ƙofarta. An kwance gadon ƙarfen, an jingine shi da bango, katifar a naɗe. Kwalaben turaren suna cikin kwalla, kowacce an naɗe ta da tsumma. Tana zaune kan tabarma tana ɗaure bakin wani ƙunshi.

"Shigo, Malam. Dama zan aika a kira ka mu yi sallama."

Na zauna a bakin tabarmar. "Iya, me aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Ubanka bai taɓa ce mini tashi ba. Kai ma ba ka ce ba, na kuma gode da ba ka ce ba. Ka yi tarbiyya."

"Ni na ce ina so ki tashi?"

Ta nuna silin da haɓa. "Ɗakuna nawa ne a gidan nan? Kowanne ka sa masa abin nan. Na wa yake wa kuka? Nawa kaɗai. Na ce yaron nan kunyata yake ji, bakinsa ba zai iya ba, shi ya sa ya samo abin da zai faɗa a madadinsa. Kuma ka ce kada a taɓa. To ban taɓa ba."

Na buɗe baki don in ba ta amsa. Da na fara kuma, bayanin hayaƙi da zafi na kama yi mata, irin biyun da na gani, da dalilin zaɓen wannan, da gidan bayan layi. Ina yi ina jin maganar ba ta isa inda nake so. Daga ƙarshe na bar bayanin na ce, "Iya, tsoro nake ji kada ki ƙone. Wallahi shi ke nan. Ban iya tunanin gidan nan ba ke a ciki ba."

Ta daina ɗaurin. Ta dube ni, sannan ta ce, "Kai tun kana yaro haka kake. Ko kaza ta haye katanga sai ka tsaya ka ga saukarta."

"To ki kwance kayan."

"In kwance in ci me? Mata sun daina zuwa. Wa zai sayi turaren da ya shinshina a bakin famfo?"

Ba ta ce in cire abin ba, kuma na san ba za ta ce ba. Da wani ne da ya hau kujera ya ɓalle shi nan take, an wuce wurin. Ni na kasa. Ina kallon ƙafafunta da suka kumbura, ina tuna yadda take dafa bango kafin ta miƙe, kuma a duk gidan ita kaɗai ke shiga da garwashi ɗaki. Na ce ta ba ni zuwa kasuwar mako mai zuwa in yi tunani.

"Kullum tunani," ta ce. "Mai motar fa? Na ba shi magana."

"Ni zan je in ba shi haƙuri."

"Je ka. Amma kayan nan a ɗaure za su zauna."

A kwanakin na yi ta juya maganar. Mai jin zafi ba zai damu da turarenta ba, amma ba zai yi ihu ba sai wuta ta riga ta kama sosai, ita kuwa ba mai sauri ba ce. Mai jin hayaƙi zai ba ta lokaci, amma zai kore ta daga ɗakin da yake gadi. Na nemi na uku ban samu ba, wataƙila akwai, ni dai ban gano ba. Abin da na iya shi ne rage haɗarin gwargwadon yadda zai ragu. Na sa aka kawo mai jin zafin daga Kano. Mai wayarin ya manna shi a ɗakinta, wancan kuma ya mayar da shi baranda, tsakanin ƙofarta da ta tela, inda ɗan hayaƙin turare zai baje kafin ya kai, amma hayaƙi mai yawa ba zai wuce shi ba. Na samo faranti mai faɗi na cika shi da yashi don ta riƙa ɗora kaskon. Na roƙi matar tela ta riƙe mukullin ɗakin guda ɗaya, ta ce dama kusan kullum tana ciki.

Iya ta ce sai an gwada a gabanta. Bayan la'asar ta sa matar tela ta debo garwashi, ta ce a rufe ƙofa, a rufe taga, har ƙasan ƙofar ta sa aka toshe da tsumma. Ta tono wata kwalba daga kwallar, ta zuba abin da na tabbata ya ninka wanda take zuba wa masu saye. Muka zauna mu uku. Hayaƙin ya tashi ya taru a silin, ya sauko har na daina ganin ƙusar da ke bango. Idona ya fara ruwa. Matar tela tana tari tana dariya. Iya kuwa ta kafe silin da ido.

Shiru.

"Mutuwa ya yi?" ta tambaya.

Na ɗauki sandarta na miƙa na danna maɓallin. Ya tsala ihu, muka ji tela daga waje yana cewa, "Na gwaji ne ko in ɗauko bokitin?"

"Zauna ka yi ɗinkinka!" Iya ta ɗaga murya. Sannan ta ce, "To, da ransa. Ladabi ya koya."

Aka buɗe taga tukuna, kada na baranda ya tashi, sannan aka buɗe ƙofa. Da hayaƙin ya ragu, matar tela ta fita duba tukunyarta, sai Iya ta juyo gare ni, ba wasa a muryarta.

"Faɗa mini. In wutar gaske ce, zai tashe ni?"

Na so in ce mata e in tsaya a nan. Amma ban saba ɓoye gaskiya ba, ita ma ta san ban saba ba. Na ce, "Zai tashe ki. Sai dai ba da wuri kamar wancan ba. Wancan ya fi shi sauri, shi ya sa na fara sa miki shi."

"Da nisa tsakaninsu?"

"Ban sani ba, Iya. Ya danganta da abin da ya kama. Shi ya sa na bar ɗayan a baranda."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta dubi kwallar, ta dubi bangon da gadon ke jingine. "Na ji. Ka faɗi gaskiya, ni ma na zaɓa. Wannan mai jinkirin nake so, a ɗakina." Ta jawo ƙunshin da ke kusa da ita ta fara kwance bakinsa da farce. "Tashi ka haɗa mini gadon nan. Bayana ya gaji da tabarma."

Ban taɓa haɗa gadon ƙarfe ba. Na sa fuskar kai a wajen ƙafa, ta sa na kwance. Na sake, ƙugiya ɗaya ta ƙi shiga, sai da tela ya zo ya buga ta da taɓarya. Muka ɗora katifa, Iya ta dafa kafaɗata ta hau, ta ɗan girgiza shi ta ji.

"Ƙafar can tana rawa," ta ce. "Da akwai guntun katako a ƙarƙashinta, masu shara sun fitar. Duba bakin famfo."

Na fita nema. Ana kiran magariba na same shi.